Karatu kyauta a kwalejojin al'umma na Amurka: Wa ya cancanta, kuma me ake biya masa?

Fiye da rabin jihohi 50 na ƙasar Amurka suna da wani shiri da ke ɗauke wa ɗalibai kuɗin makaranta a kwalejojin al'umma, wato makarantun gaba da sakandare da ake yin shekara biyu a cikinsu. Labarin yakan iso kunnen jama'a a taƙaice, cewa ana karatu kyauta a Amurka. Sai dai kalmar "kyauta" a nan tana da iyaka. Kowace jiha ta gindaya sharuɗɗanta a kan wanda zai amfana, kuma abin da ake biya kaso ne kaɗan daga cikin abin da karatun ke ci. Wanda ya san waɗannan iyakoki shi ne zai gane dalilin da ya sa shirin ya buɗe wa wasu ƙofar karatu, wasu kuma, musamman mafi talauci, bai ƙara musu ko sisin kwabo ba.

Mece ce kwalejin al'umma?

Kwalejin al'umma makaranta ce ta gwamnati da jiha ko ƙaramar hukuma ke ɗaukar nauyinta, wadda aka kafa domin mutanen yankin da take. Akwai irinsu kusan 1,000 a faɗin Amurka. Wadda ake ɗauka a matsayin ta farko ita ce kwalejin Joliet da ke jihar Illinois, wadda aka buɗe a 1901. Yawancinsu ba sa tantance ɗalibai da jarrabawar shiga: duk mai takardar kammala sakandare ko makamanciyarta ana karɓar sa.

Iri uku na karatu ake yi a cikinsu. Akwai ƙaramin digiri na shekara biyu, wanda ta fuskar tsawon lokaci ya yi kama da difloma ta ƙasa da ake samu a kwalejojin kimiyya da fasaha na Najeriya. Akwai takardun shaidar sana'a na 'yan watanni ko shekara guda, kamar walda, gyaran injuna, aikin lantarki da taimakon ma'aikatan jinya. Sannan akwai darussan shekara biyun farko na jami'a, waɗanda ɗalibi ke yi da araha kafin ya koma jami'a ya ƙarasa digirinsa.

Ɗaliban waɗannan kwalejoji sun bambanta da na jami'o'i. Mafi yawansu ba cikakken lokaci suke karatu ba, domin suna haɗawa da aiki. Da yawa sun haura shekara 25, wasu suna da 'ya'ya, wasu kuma su ne na farko a danginsu da suka taka makarantar gaba da sakandare. Matsakaicin kuɗin makaranta ga ɗan yankin kwalejin kimanin dala 4,000 ne a shekara, alhali jami'ar gwamnati tana karɓar fiye da dala 11,000 daga ɗan jiha, jami'o'i masu zaman kansu kuwa sun haura dala 40,000. A ƙasar da bashin karatu na gwamnatin tarayya ya kai kimanin dala tiriliyan 1.6 a wuyan mutane fiye da miliyan 40, wannan bambanci ba ƙarami ba ne.

Yadda shirin ya samo asali

Tunanin ba sabo ba ne. A 1947 wani kwamiti da Shugaba Harry Truman ya kafa ya ba da shawarar a faɗaɗa ilimin gwamnati kyauta har zuwa shekara biyu bayan sakandare. Jihar Kalifoniya ta daɗe ba ta karɓar kuɗin makaranta a kwalejojinta, sai a 1984 ta fara. Jami'ar birnin New York ma kyauta ce har zuwa 1976, lokacin da matsin tattalin arzikin birnin ya tilasta aka sa kuɗi.

Farfaɗowar tunanin ta faro ne daga wani ƙaramin birni. A watan Nuwamban 2005 wasu masu hannu da shuni da suka ɓoye sunayensu suka yi alkawarin biya wa duk yaron da ya kammala makarantun gwamnati na birnin Kalamazoo, a jihar Michigan, kuɗin karatu a kowace kwaleji ko jami'ar gwamnati ta jihar. Aka sa wa shirin suna Kalamazoo Promise, wato alkawarin Kalamazoo, kuma daga nan ne kalmar "alkawari" ta zama lakabin irin waɗannan shirye-shirye. Yaron da ya yi dukkan karatunsa a makarantun birnin tun daga ajin farko ana biya masa kuɗin gaba ɗaya, wanda ya shigo a farkon babbar sakandare kuwa kashi 65 cikin 100.

Jihar Tennessee ce ta fara mayar da abin shirin jiha baki ɗaya. Gwamna Bill Haslam, ɗan jam'iyyar Republican, ya gabatar da Tennessee Promise a 2014, rukunin farko na ɗalibai suka shiga kwaleji a 2015. Manufarsa ta tattalin arziki ce: a kai ga kashi 55 cikin 100 na manyan jihar suna da digiri ko takardar shaidar sana'a, domin kamfanoni su sami ma'aikatan da suke nema. Oregon ta bi sahu a 2016, Rhode Island da New York a 2017.

An yi yunƙuri sau biyu a mayar da shi shirin ƙasa, duka ba su kai labari ba. A watan Janairun 2015 Shugaba Barack Obama ya je kwalejin Pellissippi da ke birnin Knoxville a Tennessee ya sanar da wani shiri na dala biliyan 60 cikin shekara goma, inda gwamnatin tarayya za ta biya kashi uku cikin huɗu, jihohi su cika sauran. Majalisar dokoki ba ta amince ba. A 2021 Shugaba Joe Biden, wanda a lokacin uwargidansa Jill Biden take koyarwa a wata kwalejin al'umma a jihar Virginia, ya nemi dala biliyan 109 domin haka, amma aka cire batun daga ƙudurin kafin ƙarshen shekarar. Saboda haka har yau babu doka ɗaya ta ƙasa. Abin da ɗalibi zai samu ya dogara ne da jihar da yake zaune, wani lokaci ma da garin.

Sharuɗɗan cancanta

Duk da bambancin jihohi, akwai sharuɗɗan da ke maimaituwa kusan ko'ina.

Na farko shi ne zama ɗan jiha. Yawanci ana buƙatar mutum ya yi aƙalla shekara guda yana zaune a jihar, ko kuma ya kammala sakandare a cikinta. Hujjar ita ce da harajin mutanen jihar ake biyan kuɗin.

Na biyu shi ne cike takardar neman tallafin karatu ta gwamnatin tarayya, wadda ake kira FAFSA. A cikinta ɗalibi ke bayyana kuɗin shigar iyalinsa, kuma da ita ake auna ko ya cancanci tallafin Pell, wanda gwamnatin tarayya ke bai wa 'ya'yan masu ƙaramin ƙarfi ba tare da an biya ba. Kowace shekara ake sabunta ta, kuma wanda ya bari wa'adin ya wuce yana iya rasa gurbinsa.

Na uku shi ne shekaru da lokacin shiga. Shirye-shiryen farko an yi su ne domin waɗanda suka fito daga sakandare kai tsaye. A Tennessee dole ɗalibi ya nema tun yana ajin ƙarshe, kafin ranar 1 ga Nuwamba, ya kuma shiga kwaleji a zangon da ya biyo bayan kammalawarsa. A Oregon ana ba da wata shida bayan kammala sakandare. Wannan sharaɗi ya bar manya a waje, alhali su ne kaso mai yawa na ɗaliban kwalejojin. Don haka aka ƙirƙiro shirye-shirye na musamman dominsu: Tennessee Reconnect a 2018, Michigan Reconnect a 2021 ga masu shekara 25 zuwa sama, sai MassReconnect na jihar Massachusetts a 2023. A 2024 Massachusetts ta cire iyakar shekaru da ta kuɗin shiga gaba ɗaya a kwalejojinta 15.

Na huɗu shi ne yawan darussa. Ana auna karatu da kiredit, kuma kiredit 12 a zango shi ake ɗauka cikakken lokaci, wato kimanin darussa huɗu. Tennessee Promise na buƙatar cikakken lokaci. Rhode Island da shirin Excelsior na New York suna buƙatar kiredit 30 a shekara. New Mexico da Massachusetts kuwa sun amince da kiredit 6 a zango, abin da ke bai wa mai aiki ko mai renon yara damar shiga.

Na biyar shi ne ƙoƙari a karatu. Tennessee na buƙatar matsakaicin maki 2.0 bisa 4.0 domin a ci gaba da biya, Rhode Island da New Mexico kuma 2.5. Wanda makinsa ya faɗi ƙasa da haka tallafinsa na iya tsayawa.

Na shida shi ne kada mutum ya riga ya mallaki digiri. An tanadi shirin ne ga mai neman takardarsa ta farko.

Bayan waɗannan, wasu jihohi suna da nasu ƙari. A Tennessee kowane ɗalibi sai ya halarci taro da jagoran da aka haɗa shi da shi, wanda yawanci ɗan sa-kai ne daga cikin al'umma, ya kuma yi aikin gayya na awa 8 kafin kowane zango. Shirin Excelsior ya taƙaita ga iyalan da kuɗin shigarsu bai wuce dala 125,000 a shekara ba, kuma ya ɗora sharaɗin da ya kamata a lura da shi sosai: bayan kammalawa dole mutum ya zauna a jihar New York na adadin shekarun da aka biya masa, idan kuma yana aiki ya kasance a jihar yake yi. Wanda ya saɓa, tallafin zai koma bashi a kansa.

Wane kuɗi ake fara kashewa?

A nan ne babban bambancin yake, kuma shi ne abin da sanarwar 'yan siyasa ba ta cika bayyanawa ba. Mafi yawan jihohi, ciki har da Tennessee, Rhode Island da New York, suna bin tsarin ciko. Ma'ana, za a fara zuba duk wani tallafi da ɗalibi ya samu, musamman na Pell, a kan kuɗin makarantarsa, sannan jiha ta cika abin da ya rage. Tsari na biyu shi ne jiha ko mai ɗaukar nauyi ya biya kuɗin makarantar tun da farko, ya bar wa ɗalibi sauran tallafinsa ya yi hidimar rayuwa da shi. Shirin Kalamazoo haka yake, kuma New Mexico ta bi wannan hanya a dokar da Gwamna Michelle Lujan Grisham ta sa wa hannu a 2022.

Misali zai fayyace lamarin. A ce kuɗin makaranta a wata kwaleji dala 4,500 ne a shekara, kuma ga ɗalibai biyu. Ta farko 'yar gidan talakawa ce, ta cancanci cikakken tallafin Pell, wanda a shekarar karatu ta 2024 zuwa 2025 ya kai dala 7,395. Na biyu ɗan gidan masu matsakaicin ƙarfi ne, bai cancanci Pell ba. A tsarin ciko, tallafin Pell ya riga ya biya wa ta farko kuɗin makarantarta har da rarar dala 2,895, don haka jiha ba za ta ba ta komai ba. Na biyu kuwa jiha za ta biya masa dala 4,500 cif. A tsarin biya tun farko, jiha za ta biya wa kowannensu dala 4,500, ta farko kuma ta riƙe dala 7,395 ɗinta domin haya, abinci da littattafai.

Wannan ne ya sa ƙungiyoyin da ke nazarin adalci a harkar ilimi suka soki tsarin ciko da cewa kuɗinsa na tafiya ne wurin waɗanda suka fi ƙarfi, ya tsallake mabuƙata. Masu kare shi kuma suna da hujjarsu. Tsarin ya fi araha ga baitulmalin jiha, domin gwamnatin tarayya ce ke ɗauke mafi yawan nauyin talakawa, kuma da wannan araha ne aka samu goyon bayan jam'iyyu biyu. Sun ƙara da cewa akwai iyalai da yawa da kuɗin shigarsu ya ɗan haura iyakar Pell amma ba su da halin biyan dala dubbai a shekara.

Oregon ta ɗauki hanyar tsaka-tsaki. Ita ma ciko take yi, amma ta tanadi mafi ƙarancin kuɗin da kowane ɗalibin shirin zai samu ko da Pell ya biya masa komai. Da farko dala 1,000 ne, a 2022 aka ɗaga shi zuwa dala 2,000.

Abin da shirin ba ya biya

Kuɗin makaranta shi ne ƙaramin ɓangare na abin da ɗalibin kwalejin al'umma ke kashewa. Idan aka haɗa haya, abinci, sufuri, littattafai da sauran buƙatu, ƙiyasin shekara guda yakan kai kimanin dala 20,000. Ke nan kuɗin makaranta bai wuce kashi ɗaya cikin biyar ba. Yawancin kwalejojin ba su da ɗakunan kwana, kuma a garuruwa da yawa na Amurka wanda ba shi da mota zuwa makaranta kan zame masa aiki. Uwa mai ƙaramin yaro kuma sai ta biya kuɗin reno, wanda a wurare da dama ya fi kuɗin kwalejin kansa.

Akwai kuma asarar da ba a rubuta ta a takarda, wato albashin awannin da ɗalibi ya bari domin ya zauna a aji. Sharaɗin cikakken lokaci yana ƙara tsananta wannan, domin wanda ke ciyar da gida ba zai iya rage aikinsa ba. Haka nan wasu shirye-shirye ba sa biyan kuɗaɗen musamman na wasu darussa, irin su kayan ɗakin gwaji, kayan aikin walda ko rigunan masu koyon jinya.

Wasu jihohi sun fara cike wannan giɓi. Massachusetts na ba da har dala 1,200 a shekara domin littattafai da kayan karatu ga waɗanda kuɗin shigarsu ya cika sharaɗi. Kalifoniya, inda kowane kiredit yake dala 46 ga ɗan jiha, ta daɗe tana yafe wa masu ƙaramin ƙarfi wannan kuɗi ba tare da taɓa Pell ɗinsu ba, sannan dokokin 2017 da 2019 suka bai wa kwalejoji damar yafe shekara biyu ga sababbin ɗalibai masu cikakken lokaci.

Amfanin da aka gani

Abu na farko da aka tabbatar shi ne ƙaruwar masu shiga. A shekarar farko ta Tennessee Promise, adadin masu kammala sakandare da ke wucewa kai tsaye zuwa makarantar gaba ya tashi daga kimanin kashi 58 zuwa kimanin kashi 64 cikin 100. Jihar ta kuma shiga sahun gaba a ƙasar wajen cike takardar FAFSA. Wannan na biyun yana da muhimmanci, domin akwai ɗalibai da yawa da tun asali sun cancanci Pell amma ba su taɓa nema ba, saboda sun ɗauka kwaleji ta fi ƙarfinsu. Saƙon "kyauta" mai sauƙin fahimta shi ya ja su suka cike takardar, suka karɓi kuɗin da dama haƙƙinsu ne. Ta wannan fuska, har talakan da jiha ba ta ba shi ciko ba ya amfana.

Abu na biyu shi ne raguwar bashi. Ɗalibin da ya yi shekara biyun farko ba tare da biyan kuɗin makaranta ba, sannan ya koma jami'a, zai fita da bashin da bai kai na wanda ya yi shekara huɗu a jami'ar ba.

Na uku shi ne abin da takardar ke jawowa a kasuwar aiki. Alƙaluman hukumar ƙididdigar ƙwadago ta Amurka na 2023 sun nuna cewa matsakaicin albashin mako na mai takardar sakandare kaɗai dala 899 ne, na mai ƙaramin digiri dala 1,058, na mai cikakken digiri kuma dala 1,493. Ribar ta fi yawa a fannonin lafiya da na fasaha, irin su jinya, ɗaukar hoton asibiti da kula da haƙori.

A Kalamazoo, inda aka fi daɗewa ana bibiya, binciken cibiyar Upjohn da ke birnin ya gano cewa yawan masu samun digiri ko takardar shaida cikin shekara shida bayan sakandare ya ƙaru sosai bayan fara shirin.

Akwai kuma abin da masana ke jan hankali a kai. Wani kaso na ƙaruwar da kwalejojin suka samu ya fito ne daga ɗaliban da dā jami'a za su tafi, araha ta karkato da su. Ga irin waɗannan, ribar ba ta da tabbas, saboda dalilin da ke tafe.

Inda gizo ke saƙar

Shiga kwaleji daban, kammalawa daban. A faɗin Amurka, ƙasa da rabin waɗanda suka fara karatu a kwalejin al'umma ne ke samun wata takarda cikin shekara shida. Kusan takwas cikin goma na sababbin ɗalibai suna cewa burinsu cikakken digiri ne, amma waɗanda ke kai wa ga hakan cikin shekara shida ba su kai biyu cikin goma ba. Daga cikin dalilan akwai matsin rayuwa, da darussan share fage na lissafi da Turanci da ke cinye lokaci ba tare da an lissafa su cikin digiri ba, da kuma jami'o'in da ke ƙin amincewa da wasu kiredit idan ɗalibi ya koma can.

Wani shiri na Jami'ar birnin New York mai suna ASAP, wanda aka fara a 2007, ya nuna abin da ke magance wannan. Ban da cike giɓin kuɗin makaranta, shirin yana ba da katin shiga jirgin ƙasa da bas kyauta, da taimakon littattafai, da mai ba da shawara da ke ganin ɗalibi a kai a kai, da jadawalin darussa da aka tsara domin ya dace da masu aiki. Cibiyar bincike ta MDRC ta raba ɗalibai gida biyu ta hanyar ƙuri'a ta bibiye su. Bayan shekara uku, kashi 40 cikin 100 na waɗanda ke cikin shirin sun kammala, na ɗaya ɓangaren kuwa kashi 22. Da aka gwada shi a wasu kwalejoji uku na jihar Ohio, sakamakon ya zo kusan haka. Darasin shi ne yafe kuɗin makaranta yana shigar da ɗalibi aji, amma kuɗin mota, littafi da mai bibiyarsa su ke kai shi ranar yaye ɗalibai.

Matsayin baƙi da ɗaliban ƙasashen waje

Wannan ɓangare ya shafi masu karatu a Najeriya kai tsaye, domin ƙasar ce ta fi kowace ƙasa a Afirka tura ɗalibai Amurka, inda adadinsu ya kai kimanin 20,000 a shekarar karatu ta 2023 zuwa 2024. Ɗalibin da ya shiga Amurka da bizar karatu ba ya cikin waɗanda aka yi wa waɗannan shirye-shirye. Bai cancanci tallafin Pell ba, kuma bizar karatu ba ta mayar da shi ɗan jiha ko da ya yi shekaru a cikinta. Kuɗin baƙi zai biya, wanda yakan ninka na ɗan jiha sau biyu ko uku. Kafin ma kwaleji ta ba shi takardar neman biza sai ya nuna shaidar cewa yana da kuɗin makaranta da na zama na aƙalla shekara guda. Don haka duk dillalin da ya yi wa mutum tayin gurbin "kwalejin al'umma kyauta" a Amurka daga gida Najeriya, ya kuma nemi a biya shi, abin tuhuma ne.

Lamarin ya bambanta ga waɗanda suka riga suka zauna a can bisa ƙa'ida, kamar iyalan Hausawa 'yan asalin Najeriya, Nijar da Ghana da ke zaune a unguwar Bronx ta birnin New York da wasu biranen. Ɗan ƙasa, da mai takardar izinin zama na dindindin, da wanda aka bai wa mafakar gudun hijira, duk suna iya cike FAFSA, kuma idan sun cika sharaɗin zama a jiha suna da haƙƙi daidai da kowa.

Matasan da suka taso a Amurka ba tare da takardun zama ba kuwa, makomarsu ta dogara da jiha. Ba sa samun tallafin tarayya ko kaɗan. Tennessee ba ta sa su a shirinta ba. Kalifoniya, Oregon, New Mexico da Massachusetts sun buɗe musu ƙofa idan sun yi sakandare a jihar, kuma wasu daga cikin waɗannan jihohi sun tanadi takardar nema ta daban a madadin FAFSA.

Daga ina kuɗin ke fitowa?

Hausawa na cewa banza ba ta kai zomo kasuwa, kuma kowane ɗaya daga cikin waɗannan shirye-shirye akwai mai biya. Tennessee ta kafa asusu na dindindin da fiye da dala miliyan 300 daga rarar kuɗin cacar da jihar ke gudanarwa, ribarsa ce ke ɗaukar shirin. Massachusetts na amfani da ƙarin harajin kashi 4 cikin 100 a kan kuɗin shigar da ya haura dala miliyan ɗaya a shekara, wanda masu zaɓe suka amince da shi a 2022. New Mexico ta dogara sosai da kuɗin man fetur da iskar gas. Wasu jihohi kuwa majalisa ce ke ware kuɗin a kowane kasafi.

Tushen kuɗin shi ke nuna ƙarfin alkawarin. Shirin da ke jiran kasafi yana iya canjawa da zarar aljihun jiha ya yi sanyi. Hakan ya faru a Oregon a 2017, shekara guda bayan fara shirin, lokacin da kuɗin da aka ware ya gaza, aka dawo aka sa iyaka bisa ƙarfin iyali, wasu da suka sa rai suka rasa. Rhode Island kuwa ta fara nata a matsayin gwaji, sannan ta mayar da shi doka ta dindindin a 2021.

Saboda haka masu ba ɗalibai shawara a Amurka sukan ja hankalin iyali su tantance abubuwa kaɗan kafin su dogara da shirin jiharsu: ko ciko ne ko biya tun farko, kiredit nawa ake buƙata a zango, wane maki ne zai sa a dakatar da tallafin, ko akwai sharaɗin zama a jihar bayan kammalawa, da kuma ko jami'ar da ɗalibi ke son komawa za ta amince da darussan da ya yi. Amsoshin suna canjawa daga jiha zuwa jiha, wani lokaci daga shekara zuwa shekara, kuma ofishin tallafin karatu na kowace kwaleji shi ne wurin da ake samun su a rubuce.